Me Ya Sa Malaman da Ke Koyar da Mu Muhalli Kowa da Fanninsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Jos. Digirina na farko a labarin ƙasa na yi, yanzu kuma na fara digiri na biyu a fannin kula da muhalli. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a cikin malaman da ke koyar da mu babu wanda ya karanta muhalli tun daga tushe. Wannan masanin sinadarai ne, wancan lauya, wata daga nazarin zamantakewa take, wani kuma masanin dabbobi. Kowa da inda ya dosa, wani lokaci ma har su saɓa wa juna. Shin wannan ba rauni ba ne? Sannan wa ya kamata in zaɓa ya duba min kundin bincikena, tunda ina son yin aiki a kan lambunan bakin kogin Dilimi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayoyi biyu ka haɗa: ko tara malamai daga fannoni daban-daban nakasu ne ga karatun muhalli, da kuma yadda ɗalibi zai zaɓi mai duba masa aiki a cikinsu. Bambancin fannonin ba nakasu ba ne, haka karatun yake a ko'ina, kuma da za a kawo muku malamai shida da duk abu guda suka karanta, da an cuce ku. Inda nakasun yake shi ne a bar kowane malami ya shigo ya yi nasa ya fita, ba a taɓa zaunar da su a kan matsala guda ba, sai a bar wa ɗalibi aikin haɗawa ba tare da an nuna masa yadda ake yi ba. Ina jin abin da ke damunka ke nan.

Asalin abin

Karatun muhalli a matsayin kwas mai zaman kansa sabo ne. Taron farko na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan muhalli an yi shi ne a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1972, daga nan aka kafa hukumar muhalli ta Majalisar, wato UNEP, mai hedikwata a Nairobi. A Najeriya kuwa sai da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan gwamnati ta farka, ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, a wannan shekarar. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wadda ake kira EIA, ta zo a 1992, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, kuma a 2007. To ka duba shekarun farfesan da ke gabanka. Wanda ya kai wannan matsayi yau, yawanci ya yi digirinsa na farko ne a lokacin da sassan muhalli ba su yaɗu a jami'o'inmu ba. Ta ƙofar kemistiri ko ilimin duwatsu ko shari'a ya shigo, daga baya bincikensa ya karkata zuwa gurɓatar ruwa ko zaizayar ƙasa ko dokokin haƙar ma'adinai.

Akwai kuma yadda ake ƙarin girma a jami'a. Kafin a ba mutum kujerar farfesa, ana aika rubuce-rubucensa ga masana na waje a fanninsa su tantance. Wannan na tilasta wa malami ya riƙe fanni guda da ƙarfi, ya riƙa wallafa aikinsa a mujallun wannan fannin, ko da zuciyarsa na kan muhalli gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga farfesan da ya shekara ashirin yana aiki a kan kududdufan kuza amma har gobe sunan kujerarsa kemistiri.

Wani abin da ke rikita ɗalibai shi ne sunan tsangayar kanta. A jami'o'in Najeriya da yawa, har da Jami'ar Jos, Tsangayar Kimiyyar Muhalli gida ce ta masu zanen gine-gine, masu gini, masu tsara birane da masu labarin ƙasa. Masu nazarin tsuntsaye da dazuzzuka suna wata tsangayar, masu lafiyar jama'a suna wata. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum a Laminga, wadda ke horar da ɗaliban digiri na biyu a kan kare halittu, da masana dabbobi take aiki, ba da masu gine-gine ba, alhali aikinta muhalli ne tsantsa. Saboda haka duk kwas ɗin da yake son ya taɓo muhalli ta kowace fuska dole ya aro malamai daga wurare da dama.

Mu ɗauki Dilimin da kake son yi

Ka ce lambunan bakin Dilimi. Bari mu bi aikin mu ga malamai nawa za ka buƙata kafin ka iya faɗin magana guda mai ƙarfi.

Da rani, manoma na jawo ruwan kogin da injin ban-ruwa suna shayar da latas, kabeji, karas, alayyafo da tumatir, kayan kuma na shiga kasuwar Farin Gada su wuce wasu jihohi. Kogin ya ratsa tsakiyar gari, magudanan unguwanni na zuba a cikinsa, ga shara, ga wanki, ga bakin mai daga garejin kanikawa. Tambayar da kowa zai yi ita ce, kayan lambun nan lafiya lau ne a ci?

Masanin sinadarai zai fara da yadda za ka ɗebi samfur, kuma a nan ne yawancin kundaye ke mutuwa tun kafin a je ɗakin gwaji. Ruwan da za a auna ƙarafa a cikinsa, irin su dalma da kadmiyam, ana ɗibarsa a gorar roba da aka wanke da asid, a ɗiga masa asid ɗin naitirik har ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarafan su manne a jikin gorar. Ruwan da za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinsa kuwa kwalbarsa daban ce, wadda aka kashe wa ƙwayoyi, ba a sa masa asid, ana saka shi a kula mai ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin awa 6, in ya yi nisa kada ya wuce awa 24. Ɗalibin da ya ɗebo duka a gorar ruwan sha guda ya ajiye a ɗaki kwana uku, lambobin da zai samu ba na Dilimi ba ne, na gorarsa ne. Ƙasa kuma ana ɗibar santimita 15 zuwa 20 na sama, daga wurare biyar ko fiye a fage guda, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a tankaɗe da rariyar milimita 2.

Zai kuma gargaɗe ka a kan na'ura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin lita guda. Na'urar auna ƙarafa ta AAS mai aiki da harshen wuta, wadda ita ce ta fi yawa a ɗakunan gwajinmu, sau da yawa ba ta iya gano dalma da tabbaci a wannan ƙaramin mataki. Idan takardar sakamako ta ce ba a gano ba, ka tambayi mai gwajin mafi ƙarancin abin da na'urarsa ke iya gani, ka rubuta adadin a kundinka. Ka kuma nemi a haɗa da samfur na ruwa tsarkakakke a cikin jerin, don a gane ko gurɓatar daga kayan aikin take.

Masanin ƙasar noma zai ɗora da abin da na sinadarai ba lallai ya kula da shi ba. Ƙasar tudun Filato tana da tsami a wurare da yawa, kuma ƙasa mai tsami ta fi sakin ƙarafa su shiga saiwa. Manoman lambu a Jos sun daɗe suna zuba tokar bola a fagensu, kuma suna da hujja: toka na rage tsamin ƙasa, tana ƙara mata sinadaran da shuka ke so. Amma bolar gari na ɗauke da matattun batura da gwangwanaye da robobi. Ga inda za ka ji malamai biyu sun saɓa, ɗaya ya ce tokar alheri ce, ɗaya ya ce guba ce. Kowannensu na da gaskiya a ɓangarensa, kuma ba a raba wannan gardama a aji. Sai an auna tokar, an auna ƙasar, an auna ganyen. Shi ne kuma zai nuna maka cewa kayan ganye irin latas da alayyafo sun fi tara kadmiyam fiye da 'ya'yan tumatir, don haka idan kuɗinka kaɗan ne, ganye za ka bi.

A nan akwai kuskuren da nake yawan gani a kundayen da ake kawo min dubawa. Ɗakin gwaji na busar da ganye kafin ya auna, sakamakon na busasshen nauyi ne. Iyakar da hukumar Codex mai tsara ma'aunin ingancin abinci na duniya ta gindaya wa kayan ganye, miligiram 0.3 na dalma da 0.2 na kadmiyam a kilo guda, ta ɗanyen nauyi ce. Latas kuwa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Wanda ya kwatanta adadin busasshe da iyakar ɗanye zai ninka haɗarin kusan sau ashirin, ya fito ya ce mutanen Jos guba suke ci, alhali lissafinsa ne ya karkace. Ka auna nauyin ganyen kafin busarwa da bayanta, ka mayar da adadin zuwa na ɗanyen nauyi. Haka nan kada ka auna ruwan ban-ruwa da ma'aunin ruwan sha, kowanne da nasa.

Masanin lafiyar jama'a zai iya juya maka tambayar gaba ɗaya. A wurinsa, haɗarin da ya fi kusa ga mai cin ɗanyen latas ba ƙarafa ba ne, ƙwayoyin cutar bayan gida ne da ƙwan tsutsar ciki. Tsohon ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1989 ya ce ruwan da za a shayar da abin da ake ci ɗanye kada ƙwayoyin kashi su wuce 1,000 a mililita 100. Zai kuma tambaye ka wa ya fi shiga haɗarin: mai saye, ko manomin da ke tsaye cikin ruwan ba takalmi, ko yaran da ke wanke karas a bakin kogi?

Malamar nazarin zamantakewa, wadda wasu ɗaliban kimiyya ke ɗauka kwas ɗinta na cike gurbi ne, ita ce za ta hana aikinka zama takarda kawai. Da yawa daga masu lambun ba su suka mallaki filin ba, haya ce ko aro. Wanda bai san ko baɗi zai noma wurin ba, ba zai haƙa rijiya ba, ba zai gina wurin tace ruwa ba, komai yawan wa'azin da ka yi masa. Kuma idan ka sauka fage da farar riga da gorori ba ka bi ta hannun mai unguwa da shugaban manoma ba, za a ɗauka gwamnati ce ta aiko a tashe su, ba wanda zai gaya maka gaskiyar abin da yake zubawa. Ita za ta koya maka ka fassara takardar tambayoyinka zuwa Hausa tun a gida, ka gwada ta a kan mutum goma ka gyara, maimakon kowane mataimaki ya riƙa fassara wa manomi yadda ya ga dama a tsaye.

Lauyan kuma zai tambaye ka, idan ka gano gurɓata, wa za ka kai wa? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, shara kuma aikin jiha da ƙaramar hukuma. Shawarar da ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, a ɗakin ajiya za ta tsufa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa hujja, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitoci na da maganin fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke cike da gubar. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba mai tsabta, sarakuna da malamai suka shawo kan mutane su fitar da niƙan dutse daga cikin gari, sannan maganin ya yi aiki. A nan Filato ma haka kududdufan kuza na Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi suke: masanin duwatsu na kallon ramin, masanin fiziks na auna tururin radiyeshin da yashin monazayit, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, ke fitarwa, manomin rani kuma ruwan ban-ruwa yake gani.

Inda tsarin ke lalacewa

Duk da haka, ƙorafinka na da tushe. Idan ba a tsara kwas da kyau ba, malamai uku za su koyar da sauyin yanayi a semista guda, kowa daga farko, a bar lissafin ƙididdiga da taswirar kwamfuta ba wanda ya taɓa. Malamin aro kuma sashensa na asali ne ke masa ƙarin girma, don haka idan lokaci ya ƙure, ajinku ne zai fara sha. Mafi muni shi ne ɗalibi ya fita ya ɗanɗani komai bai iya komai da hannunsa ba.

Maganin da na ga yana aiki shi ne a sa malaman su fita fili tare a kan wuri guda, ɗalibai su rubuta rahoto guda da kowane malami zai duba ɓangarensa. Manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta a matakin digirin farko, kuma a Jos ba a rasa abin cikewa: kuza, lambu, da ambaliya irin ta Yulin 2012 da ta ci rayuka a Rikkos da Gangare. Ku ɗaliban digiri na biyu kuna iya neman irin wannan fita ta hannun wakilin ajinku, cikin ladabi, a rubuce. Idan malamai biyu suka saɓa a aji, kada ka tsaya neman wanda ya fi girma. Ka tambayi kowannensu wane awo ne zai sa ya sauya ra'ayi. Sau da yawa amsar da za su ba ka ita ce taken bincike mai kyau.

Zaɓen mai duba kundi

Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce, hanyar binciken ke zaɓen malami, ba taken ba. Ka tambayi kanka, babi na huɗu na kundina da me zai cika, lambobin ɗakin gwaji, ko taswira, ko maganganun manoma? Wanda ya ƙware a wannan shi ne babban mai dubawa, domin mai jarrabawa na waje da za a gayyato yawanci daga fanninsa zai fito, kuma da ma'aunin wannan fannin za a yi maka hukunci ranar kare kundi.

Kai da ka fito daga labarin ƙasa, ƙarfinka na wajen taswira da amfani da ƙasa. Shawarata ka tsaya a nan, ka ɗauki awon sinadarai a matsayin mataimaki. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda kowane ɗigon hotonsu ke wakiltar faɗin mita 30 a ƙasa, da na Sentinel-2 masu mita 10, kyauta ne, haka manhajar zana taswira a kwamfuta ta QGIS. Fagen lambu ƙanana ne, don haka Sentinel-2 zai fi maka amfani a shekarun baya-bayan nan, amma dole ka bi da ƙafa da na'urar GPS ka tabbatar, in ba haka ba za ka ƙirga ciyawar fadama a matsayin kabeji. Cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, a Jos take, ka neme su.

Sai ka nemi mataimakin mai dubawa daga kemistiri ko kimiyyar ƙasar noma, tun kafin ka kare shawarar bincike, ba bayan ka ɗebo samfur ba. Ka roƙi su zauna tare ko da sau ɗaya, a rubuta wa ke da magana ta ƙarshe a kan wane babi. Ɗaliban da ke shekara huɗu a digirin shekara biyu, da yawansu tsakanin gyaran malamai biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suka maƙale. Kafin ka zaɓa, ka karanta takardu uku na baya-bayan nan da malamin ya wallafa ka ga ko da gaske yana zuwa fili, ka shiga ɗakin karatun sashe ka duba kundayen da ya sa wa hannu, ka kuma tambayi waɗanda suka gama a hannunsa tsawon lokacin da babi ke yi a teburinsa. Babban suna ba shi ne samun lokaci ba. Babban lakcara mai zama a ofis ya fi maka farfesan da rabin wata yana Abuja.

Ka yi lissafin samfur tun yanzu. Wuri uku a kogin, wato kafin ya shiga cunkoson gari, tsakiyar gari, da ƙasa wajen Farin Gada. Lokaci biyu, rani da damina. Abu uku, ruwa da ƙasa da ganye. Kowanne sau uku. Samfur 54 ke nan. Idan ƙarfe huɗu za ka auna, awo 216 ne, kuma ɗakunan gwaji kan caji kuɗi ne a kan kowane ƙarfe a kowane samfur. In aljihu bai kai ba, ka rage yawan ƙarafan zuwa dalma da kadmiyam, kada ka rage maimaicin, domin awo guda ba ya shiga lissafin ƙididdiga.

Game da aiki bayan karatu, rahoton EIA tawaga ce ke rubuta shi, ana kuma baje shi ga jama'a na kwanakin aiki 21 kafin a yanke hukunci. Mai haɗa tawagar ba ya neman wanda ya san komai sama-sama, yana neman mai taswira, mai awon ruwa, mai tattaunawa da al'umma. Digirin muhalli shi kaɗai ba ya ba ka rajistar masu tsara birane ko ta duba-gari ko ta masana ma'adinai, kowace majalisa da sharuɗɗanta, sai ka tuntuɓe su kai tsaye idan kana da wannan buri.

Ni ɓangaren ƙasa da ruwa na fi riƙewa, don haka abin da ya shafi doka ka koma wa malaminku lauya ya faɗaɗa maka. Dokar haɗa masu dubawa daga sassa biyu ma ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a, ka duba littafin ƙa'idojin makarantar gaba da digiri kafin ka yi wa kowa magana. Abin da zan matsa maka a kai shi ne lokaci. Ka rubuta shafi guda mai ɗauke da tambayar bincikenka, wuraren ɗibar samfur da jerin abin da za a auna, ka kai wa malaman biyu kafin ƙarshen Oktoba. Ka gana da masu unguwa da shugabannin manoma a Nuwamba lokacin da ake gyaran fage, ka ɗebi samfurin rani a Fabrairu ko Maris sa'ad da ruwan kogin ya ja baya, na damina kuma a Agusta. A damina wasu fagen na komawa masara, don haka ka tambayi manoman tun farko waɗanne ne ke ci gaba da kayan ganye, ka sa wuraren ɗibarka a cikinsu.